Baƙin Katin Dakta Midhat

Midhat mijin ƙanwata Nashwa ne, likitan haƙori a wani asibitin kuɗi a Sharja, kusa da Dubai. Ni na riga su barin Masar, ina sayar da na'urorin sanyaya ɗaki a shagon wani mutumin Sham, kuma ni na samo musu gidan da suke haya, a bene ɗaya da nawa. Don haka babu abin da ake yi a gidansu da ba ya iso ni. In bai zo ta bakin Nashwa ba, zai zo ta bakinsa, kowa da irin yadda yake ba da labarin.

Midhat yana da wani katin bashi na banki, baƙi, na ƙarfe, mai ɗan nauyi a hannu. In mun ci abinci a waje, ba ya miƙa wa mai hidima katin, sai dai ya sake shi a kan tebur don a ji ƙararsa. Na sha tsokanarsa a kan haka, ina kiransa Basha, laƙabin manyan masu mulki na da a Masar. Amma na san asalin katin. Ranar da mahaifinsa ya rasu, da safe labari ya iso, ya ruga filin jirgi babu tikiti. Ya wuni a zaune a kan jakarsa kusa da banɗaki yana jiran a samu wanda ya fasa tafiya, yana kallon wasu mutane suna shiga wata ƙofar gilashi inda ake ba su shayi da kujeru masu laushi. Da ya isa ƙauyensu a wajen Mansura, har an dawo daga maƙabarta. Shi kansa ya san katin ba zai samo masa kujera a jirgi ranar nan ba. Duk da haka yana dawowa ya je banki ya nema. Sau ɗaya ya taɓa faɗa mini wannan, bai ƙara ba.

Shekaru yana biyan dirhami dubu ɗaya da ɗari biyar kuɗin shekara, Nashwa tana gunaguni tana haƙuri. Sai bankin ya aiko da saƙo cewa daga wata mai kamawa kuɗin ya koma dubu uku, amma an ƙara wa katin sababbin gata. Akwai wasan golf kyauta, da shiga wasu gidajen motsa jiki, da karin kumallo a manyan otal-otal mutum biyu a kuɗin mutum ɗaya, da rabin kuɗi a silima, da masu karɓar mota su ajiye maka a manyan kantuna. Akwai kuma masu tarbar mutum ko baƙonsa tun daga ƙofar jirgi, su wuce da shi ba tare da bin layi ba.

Ranar Juma'a suka kira ni cin abinci. Tun da na ga Nashwa ta yi mulukiyya, miyar lalon nan tamu, da zomo, na san shari'a aka kira ni. Ta fara da cewa sau ɗaya suke tafiya a shekara, da rani, kuma yara ba sa cin komai a ɗakin manyan baƙin nan na filin jirgi sai biskit. Ta ce ita malamar makaranta ce, ta san wahalar da take sha kafin dubu uku ta shigo hannunta, ga kuɗin motar makarantar yara an ƙara. Midhat ya ɗauko waya ya nuna mana inda bankin ya rubuta cewa in aka haɗa gatan duka, sun kai dirhami dubu goma sha biyu. Ya ce wanda ya ba da uku ya karɓi goma sha biyu bai yi asara ba, ko ɗan firamare ya san wannan.

Suka juyo suna kallona. Na ce a ganina abin da mutum ba zai taɓa saya da kuɗinsa ba, in an ba shi kyauta ba riba ya ci ba. Na tambaye shi yaushe rabonsa da riƙe sandar golf.

"Ustaz Fikri," in ji shi, "kai da katinka ko a gidan mai sai an goga shi a riga kafin ya yi aiki, kai ne za ka koya mini harkar banki?"

"Nawa dai ba a cajina ko fulus, Basha."

"Shi ya sa ba a ba ka ko ruwan sha."

Daga ƙarshe suka daidaita. Zai biya na wannan shekarar, ya mori gatan yadda ya ce zai mora. In shekara ta zagayo Nashwa ba ta gamsu ba, zai mayar da katin ba tare da musu ba. Ni ne shaida.

Da golf ya fara, kuma ni ya ja na raka shi. Shiga kyauta ce, gaskiya ne, amma a ƙofa aka ce ba a taka ciyawar da irin takalmanmu, rigata kuma ba ta da kwala. Midhat ya sayi takalmi da safar hannu, ya yi hayar sanduna. Ni na zauna a inuwa ina shan lemo ina kallonsa yana sarar ƙasa. Wani Bature mai koyarwa ya zo ya tsaya a bayansa cikin ladabi, ya ce darasi ɗaya zai gyara masa tsayuwa. Darasin ba ya cikin kyauta. A zuwa na uku Midhat ya ja kafaɗarsa ta dama, ya yi kusan mako ba ya iya ɗaga hannu ya duba bakin mutum, aka mayar da marasa lafiyarsa wajen abokin aikinsa. Takalmin yana nan a bayan motarsa har yau.

Gidan motsa jikin da ya fi kusa da mu a Dubai yake. In ya tashi aiki da yamma, hanyar a cushe take, sai ya isa ya riga ya gaji. Ya je 'yan lokuta, ya daina. Karin kumallon otal kuwa mutum biyu kawai ya shafa, yara uku sai an biya musu cikakken kuɗi. Masu ajiye mota su ne ya fi jin daɗinsu. Yana son ya tsaya a bakin ƙofar kanti, ya fito ya miƙa makulli, ya wuce ba waiwaye. Nashwa ta ce mini tun da aka fara ajiye musu mota kyauta, ba su taɓa fitowa daga kantin nan hannu biyu ba, kuma da can sai wata ya wuce ba su je ba. Silima ce kaɗai ta amsa mini cewa ta ji daɗinta, amma ta ce in na faɗa masa ba ni ba mulukiyya har abada.

Ana cikin haka mahaifiyarsa, Hajja Ihsan, ta yarda za ta zo. Tun rasuwar mijinta yake roƙonta, tana cewa wa zai kula da kaji, wa zai kula da kabari. Ciwon gwiwa ne ya sa ta sauko, don Midhat ya samo mata likitan ƙashi a nan. Ba ta taɓa shiga jirgi ita kaɗai ba. Aikin hajji ma tare da mijinta da ayarin ƙauye ta je. Tsakaninta da Nashwa babu faɗa, amma babu sakewa. Gaisuwa ce a waya, da tambayar lafiyar yara, shi ke nan.

Midhat ya ga dama ta samu. Ya kira lambar da ke bayan katin, ya sa a tarbi mahaifiyarsa daga ƙofar jirgi, da keken tura marasa ƙarfi, da mai ɗaukar kaya. Na ce ya sanar da ita. Ya ce a'a, so yake ta sauko kawai ta ga ana jiranta kamar matar minista. Ya gargaɗe ni kada in faɗa wa ƙanwarsa Ibtisam da ke can gida, don bakinta ba ya riƙe magana.

Jirgin ya sauka bayan azahar. Mu uku muka je, ni ke tuƙi. Muna tsaye a wajen jiran baƙi Midhat ya ce wa Nashwa ta duba agogo, kafin sauran fasinjoji su kai rabin layi Mama ta fito. Nashwa ta ce Allah ya sa.

Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Ma'aikaciyar da aka tura ce, tana magana da Turanci. Ta ce ta tsaya a ƙofar jirgi da allo ɗauke da sunan baƙuwar har fasinja na ƙarshe ya fito, babu wadda ta amsa. Ta tambayi tsofaffin mata da dama, kowacce ta ce ba ita ba ce. Ta tambaya ko ya tabbata baƙuwar ta shigo jirgin.

Ya kira Ibtisam. Ta rantse da idonta ta ga Mama ta wuce ciki a Alƙahira, har ta juyo ta ɗaga mata hannu. Ya kira wayar Hajja, a kashe, don layin Masar ne. Ya sake kiran ma'aikaciyar, ta ce tana zagayawa tana dubawa. Daga nan na ga fuskar Midhat ta canja. Ya fara lissafo abin da zai iya faruwa: ko ta faɗi a banɗaki, ko ta bi wata ƙofar ta masu canjin jirgi, ko hawan jininta ya tashi. Ya tafi teburin tambaya ya ajiye katin a gaban mutumin, ya fara bayani. Mutumin ya saurare shi da kyau, ya tura masa katin da yatsa ɗaya, ya ce wannan ba shi da aiki a nan, amma zai sa a yi cigiya. Midhat ya kira bankin, suka sa masa kiɗa. Yana tsaye da waya a kunne, gumi yana bin wuyansa, duk da sanyin wurin.

Na zaci Nashwa za ta ce wani abu.  Sai ta karɓi katin daga hannunsa ta sa masa a aljihu, ta riƙe damtsensa, ta ce Mama mace ce mai wayo, ba za ta ɓata a inda ake jin Larabci ba.

Sai da aka kusa la'asar muka hango ta. Tana tura amalanken kaya da kanta, ta jingina rabin jikinta a kai, tana jan ƙafar hagu. Kusa da ita wata tsohuwa ce 'yar lardin Manufiyya da suka haɗu a jirgi, suna tafe suna hira. Midhat ya tsallake igiyar da aka gitta ya rungume ta. Ta ce ya sake ta mutane suna kallo, ya karɓi kayan nan dai, kuma ya yi hankali da jan akwatin, kada ya kifa shi.

A mota ta ba mu labari. Kafin ta taso, mijin Ibtisam ya tsorata ta cewa a nan ba a shigowa da abincin gida, in an kama mutum tara ce mai yawa, wani lokaci har a mayar da shi. Wata maƙwabciya kuma ta ce ta san wanda aka tsare saboda cuku. Ita kuwa a jan akwatin nan akwai tulun tsohon cuku da ta yi shekara biyu tana ajiya, da man shanu, da agwagi biyu, da tattabaru da ta cusa wa shinkafa, duk ta daskarar ta naɗe da tawul. Tun da jirgi ya tashi take karanta duk abin da ta haddace. Tana saka ƙafa a waje sai ga yarinya da kayan aiki, riƙe da allo, an rubuta sunanta cikakke, har da na kakanta. A bayan yarinyar ga wani ƙato da keke.

"Wa yake kiran mutum da sunan kakansa in ba hukuma ba?" in ji ta. "Na ce shi ke nan, sun ga cukun a na'ura tun daga Alƙahira. Yarinyar ta tare ni ta nuna allon. Na ce a'a 'yata, ni Ummu Midhat ce. Ban kuwa yi ƙarya ba."

Daga nan ta sunkuyar da kai ta shige cikin jama'a. Ta bi doguwar hanyar nan da ƙafa, ta ƙi hawa tsanin lantarki don tsoro, ta tsaya a layin fasfo mafi tsawo don ta ga ya fi cika, ba za a gane ta ba. Da ta ji ana cigiyar sunanta a lasifika sai ta shige banɗaki ta zauna har aka daina. Mai duba fasfo ya buga mata hatimi, ya ce barka da zuwa Hajja. Ko kallon akwatin babu wanda ya yi.

Ni dariya ta kusa sa in hau gefen titi. Nashwa ta toshe baki da mayafi. Midhat bai yi dariya ba. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa shi ne ya tura yarinyar, don a ɗauko ta a keke, kada ta taka ko'ina.

Hajja ta juyo ta dube shi.

"Kai ka tura ta?"

"Ni ne, Mama."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"So na yi ki ga abin mamaki."

"Na kuwa gani, ɗana. Mai shekaruna ba a yi masa ba-zata. Ka faɗa mini, in shirya, in sa baƙar abayata mai kyau."

Gwiwar ta kumbura a ranar. Kwana da kwanaki tana kwance a ɗakin yara, ƙafa a kan matashi, Nashwa tana ɗora mata ƙanƙara in ta dawo daga makaranta. Midhat ya daina sakin katin a kan tebur. In na kira shi Basha ma ba ya tankawa, har na bari.

Da Hajja ta samu sauƙi aka dafa agwagwa ɗaya, aka kira ni. Muna cikin ci ta tambayi Midhat nawa ya biya yarinyar nan mai allo, tunda dai ta yi tsayuwar banza. Ya ce ko kwabo, kyauta ce daga katin banki. Ta ce shi katin fa, kyauta ake ba da shi? Midhat ya ce ta ci abinci kada ya huce. Ta dubi Nashwa, Nashwa ta miƙe wai za ta ɗauko ruwa, alhali ga ruwa a gabanta. Sai Hajja ta juyo wajena.

"Fikri, uwarka ta ce mini ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Nawa ne?"

Na faɗa mata. Ta ce ita ba ta san dirhami ba, in faɗa mata da kuɗin gida. Na ce ya kai fam dubu arba'in a shekara. Ta ajiye cokali. Na ɗauka za a yi ta, har na fara neman hanyar tashi. Amma ta daɗe tana kallon ɗanta kawai, shi kuma yana kallon faranti.

"An riga an biya na bana?"

"An biya, Mama."

"Ba sa mayarwa?"

"Ba sa mayarwa."

"To me da me ya rage a ciki wanda ba a ci ba?"

Nashwa ce ta karanto mata daga wayarsa, Hajja tana tsayar da ita tana neman bayani. Golf ta ce a wuce, wannan na marasa aikin yi ne. Da aka zo kan gidan motsa jiki ta tambaya ko akwai ruwa a wurin, don likitan ƙashi ya ce mata ta riƙa tafiya a cikin ruwa mai ɗumi, ita kuma ta yi masa dariya ta ce a ina. Aka duba, akwai kwamin wanka, akwai lokacin da mata kaɗai ke shiga, kuma ƙaramin katin da aka ba Nashwa a matsayin matarsa, wanda ke kwance a durowa tun da aka kawo shi, yana shigar da mutum biyu.

Haka Hajja Ihsan ta zama wadda ta fi kowa cin moriyar baƙin katin. Ita ce ke da abin da katin yake bukata, wato lokaci. Nashwa tana tashi daga makaranta da rana, kafin hanya ta cushe, ta ɗauke ta su wuce Dubai. Da farko Hajja ta ƙi shiga ruwan sai da doguwar riga, aka yi ta fama har aka samo mata kayan wanka masu rufe jiki duka. Daga baya ita ke tsayawa a bakin ƙofa da jakarta tana jiran Nashwa. Ta yi ƙawaye a can, wata 'yar Iraƙi da wata 'yar Sudan, dukansu masu gwiwa, suna tafiya a ruwa suna zagin surukansu maza. Ranar Asabar ita da Nashwa suke zuwa karin kumallon otal, su bar Midhat da yara a gida, tunda mutum biyu aka ce. Hajja ta dawo tana cewa wakensu ba shi da gishiri, amma zumarsu ta gaske ce. Silima ma ta je, ta yi barci tun kafin a kai rabi, ta ce kujerar ta fi gadon yara daɗi.

A cikin motar nan, tsakanin Sharja da Dubai, suka saba. Ban san duk abin da suke faɗa ba. Na dai san wata rana Nashwa ta hau wajena idonta ja, ta ce ashe Mama ta yi ɓari uku kafin ta haifi Midhat, shi ma bai sani ba. Na kuma lura Hajja ta daina cewa "matar Dakta", ta koma cewa "'yata".

Ranar komawarta, tun da safe ta sa baƙar abayar mai kyau. Wannan karon an faɗa mata komai dalla-dalla. Da ma'aikaciyar ta zo, ba waccan ba ce, amma Hajja ta riƙe hannunta ta ce ta ba 'yar'uwarta haƙuri. Ta zauna a keken, ta gyara mayafi, ta ɗaga mana hannu. Bayan ɗan lokaci ta kira ta bidiyo daga ɗakin manyan baƙi, da kofin shayi a gabanta, tana juya wayar don mu gani. Ta ce wa Midhat wurin yana da kyau, amma duk mutanen ciki babu mai yi wa wani magana. Ya ce haka suke. Ta ce to ta gani, Allah ya yi masa albarka. Midhat ya miƙa wa Nashwa wayar, ya ce zai je ya duba inda muka ajiye mota, alhali makullin yana hannuna.

Da shekara ta zagayo aka sake yin mulukiyya, aka sake kirana. Na zauna ina jiran Nashwa ta yanke hukunci a mayar da kati. Sai Midhat ya riga ta. Ya ce shi ya gaji. Ya biya kuɗi don ya huta, ya ƙare yana yi wa kati aiki, kullum yana tunanin abin da bai mora ba. Ya ce in ba don Mama ta zo ba, da asara ce tsagwaronta, kuma ba kowace shekara za ta zo ba. Gobe zai kira su.

Nashwa ta ce a dakata tukuna. Ta ce gwiwar Mama ta yi sauƙi, likita ya ce ta dawo da sanyi. Ta ce ita ma ta saba da ruwan, bayanta ya daina ciwo. Sannan ta kawo ainihin maganar. Hajja ta koma gida ta ba da labarin keke da shayi a duk inda ta zauna, labarin ya kai garinmu Ɗanɗa wajen mahaifiyarmu, ita kuma ta bugo tana tambaya ko wannan tarbar ta iyayen likitoci ce kawai.

"Ke ce fa kika ce dubu uku," in ji Midhat.

"Na ce. Lokacin ban san me ke ciki ba."

"Na karanta miki."

"Ka karanta mini golf."

Suka juyo suna kallona kamar bara. Ni kuwa na riga na yi tambaya a wajen wani abokin cinikina mai harkar tikiti. Na ce musu tarbar filin jirgin nan ana sayenta ita kaɗai, ba sai da kati ba, kuma kuɗinta ɗaruruwa ne, ba dubbai ba. Kwamin wanka na mata ma akwai a nan Sharja, ana biya wata-wata, ba sai an shiga cunkoso ba. In an haɗa duka ba zai kai kuɗin katin ba, sai dai in tsofaffin biyu za su riƙa zuwa suna daɗewa. Nashwa ta ce na Sharja ruwansa ba ɗumi. Midhat ya ce wannan ce magana ta farko mai ma'ana da na yi tun da ya auri ƙanwata.

Washegari ya kira bankin a gabanmu, ya ce a rufe katin. Wata mai murya mai daɗi ta ce ta yi baƙin cikin jin haka, ta tambayi dalili, ta roƙe shi ya ɗan riƙe layi. Da ta dawo ta ce saboda daɗewarsa tare da su, an amince ya biya rabi a bana. Midhat ya dubi Nashwa. Nashwa ta ɗaga kafaɗa. Ya ce to, a bar shi.

Yana ajiye wayar Nashwa ta ce ashe da ya buga wannan wayar bara, da rabi suka biya. Ya ce bara ai ba ya son rufewa. Ta ce su ina suka sani. Suka ɗan taɓa musu a kan wannan, na bar su na hau sama.

Mahaifiyarmu ta zo da sanyin nan, mako biyu kafin Hajja Ihsan. A gidana ta sauka, don haka ni ya kamata in shirya tarbarta. Na tambayi abokin nan nawa farashi, na jujjuya abin a raina, sannan na sauka ƙasa na ƙwanƙwasa wa Midhat ƙofa. Ya saurare ni har na gama, ya sa na maimaita, wai bai ji sosai ba. Sannan ya ɗauko waya ya kira lambar, ya ba su sunanta da lambar jirgi. Nashwa ta kira mahaifiyarmu a daren tafiyar ta yi mata bayani sau biyu, ta ce in ta ga yarinya da allo ta amsa sunanta. Ta amsa. Ta fito tun ban gama neman wurin tsayawa ba, tana faɗa wa mai tura keken cewa ɗanta babban ɗan kasuwa ne a Sharja.